Gishirin Arlit da Rijiyoyin Kiyawa

A ranar Alhamis, 19 ga Yunin 2025, labari ya fito daga Yamai cewa gwamnatin Janar Abdurahaman Tchiani ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR mallakar ƙasa, ta cire hannun kamfanin Orano na Faransa daga cikinsa. Kafin gari ya waye, zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta Kiyawa ya cika da tafi da kirari. A zauren akwai lauya, akwai malaman jami'a, akwai ma'aikatan banki da manyan jami'an gwamnati a Dutse da Abuja. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba.

Da hantsi sai na jefa tambaya: shin mene ne a cikin gangunan nan da ake rigima a kansu? Wani ya ce bam. Wani ya ce dala. Wani ya rantse cewa duk wanda ya taɓa abin da hannu nan take zai faɗi matacce. Wani kuma ya ce ai a duwatsunmu na Dutse ma akwai shi jibge, Turawa ne suka binne maganar tun zamanin mulkin mallaka. Can da yamma likitan da ke cikinmu ya fito daga aiki, ya rubuta kalma ɗaya tak: ƙoda. Babu wanda ya tanka masa, hira ta koma kan Macron.

Wannan rubutu da mu nake, mu 'yan boko da muke da bakin magana a kan kowane al'amari na Sahel. Mun mayar da yuraniyom tuta, muna kaɗa ta, alhali ba mu san abin da yake yi wa jikin mutum ba. Muna tsoronsa ta inda ba ya cizo, mun kuma saki jiki da shi ta inda yake cizon. Jahilcin talaka a kan wannan abin uzuri ne. Namu kuwa sakaci ne, kuma akwai waɗanda ke biyan kuɗinsa da lafiyarsu.

Gishiri, amma ba na miya ba

A bakin masana sinadarai, gishiri ba na miya kaɗai ba ne. Abin da ke samuwa bayan asid ya ci ƙarfe, ko ya haɗu da sinadarin da ke kashe kaifinsa, shi ake kira gishiri. Kanwa gishiri ce, alam da ake tace ruwa da shi gishiri ne, haka yawancin abin da ke cikin buhun takin NPK. Shi kuwa yuraniyom ƙarfe ne, wanda ya fi dalma nauyi nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe, Martin Klaproth, ya gano shi a 1789. Sai dai ba a fitar da shi daga Nijar a matsayin ƙarfe. A matsayin gishiri yake fita.

A Arlit, ana fasa dutse a niƙe shi, a jiƙa da asid ɗin farar wuta, wato ɗan gidan su ruwan batir. Asid ya narkar da yuraniyom ɗin da ke ciki, a tace ruwan, a zuba wani sinadari da zai sa shi ya kwanta, a busar. Abin da ke fitowa gari ne mai launin ɗorawa, wanda in aka zuba shi a faifai a kasuwar Shuwarin, yaro zai iya ɗauka garin ɗorawa ne ya kai baki. Sunansa a wurin ma'aikatan yuranet, kuma shi ne Turawa ke yi wa laƙabi da kek mai launin rawaya. Ana ɗura shi a gangunan ƙarfe a rufe. Shekaru da dama motoci na ɗauko gangunan daga Arlit, su bi Agadas da Tawa, su gangaro ta wajen Birnin Ƙonni, su ratsa Dogondutsi da Doso da Gaya, su shiga Benin har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato kuwa, tamkar unguwa da unguwa ne. Ta tsakiyar ƙasar Hausa kayan nan suka riƙa wucewa tun kafin a haifi yawancinmu.

A Faransa, a masana'antar Malvési kusa da Narbonne, ana sake narkar da garin a cikin wani asid, ya zama gishirin da ake kira yuranil naitret. Shi ne ƙofar da yuraniyom ke bi kafin a tsarkake shi a mayar da shi makamashin tashoshin lantarki. In ya bushe, ƙwayoyi ne masu sheƙi, rawaya da ɗan kore, gwanin sha'awa. Ruwa yana ɗaukar sa fiye da yadda yake ɗaukar gishirin miya. Yana kuma ƙara wa wuta ƙarfi in ya haɗu da abin da ke ci, shi ya sa ba a ajiye shi kusa da takarda ko katako ko mai. Ɗan'uwansa, yuranil asitet, yana nan a ɗakunan bincike na duniya: da shi ake rina ƙwayoyin cutar bairos da sassan jiki domin su fito fili a ƙarƙashin madubin da ke aiki da elektron. A da can an yi amfani da gishirin yuraniyom wajen wanke hoto da rina gilashi da tangaran. Kai, ilimin nukiliya kansa daga irin wannan gishiri ya faro: a 1896 Henri Becquerel ya ajiye wani gishirin yuraniyom a kan farantin hoto a cikin aljihun tebur, ya dawo ya tarar farantin ya yi baƙi ba tare da rana ta taɓa shi ba. Wannan abu da ke fita daga jikinsa ba a gani, ba a ji, shi zan riƙa kira tiriri a wannan rubutu.

Tsoron da bai dace ba, da wanda ya dace

Mu fara da bam, tunda shi ne a bakin kowa. A cikin yuraniyom da ake haƙowa, fiye da kashi 99 cikin 100 nau'in da ake kira 238 ne, wanda ba ya tashin bam. Nau'in 235, wanda ake nema, kashi 0.7 ne kacal. Yawancin tashoshin lantarki na buƙatar a ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5, bam kuwa kusan kashi 90, kuma hakan sai da dubban injuna da fasahar da ƙasashe ƙalilan ke da ita. Tsakanin gangar Arlit da bam akwai tazarar da ke tsakanin tama a rami da jirgin sama. Duk da haka, da wannan tsoro aka yaudari duniya: a Janairun 2003 shugaban Amurka George Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce Saddam Hussein ya nemi yuraniyom a Afirka, a watan Maris kuma shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun cinikin da aka jingina wa Nijar na jabu ne. Ba a fasa yaƙin ba. Jahiltar garin nan ta taɓa taimakawa wajen rusa ƙasa guda.

Batun taɓawa a mutu nan take shi ma tatsuniya ce. Yuraniyom 238 na ɗaukar shekara kusan biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe, wato tiririnsa a hankali yake fita ƙwarai. Yawancinsa kuma nau'in da ake kira alfa ne, wanda takarda ɗaya ko fatar mutum ke iya tare shi. Inda gishirin yuraniyom ya kashe mutane da tiriri kai tsaye, kamar a Tokaimura ta Japan a Satumban 1999, wanda aka riga aka ɗaga ƙarfinsa ne zuwa kusan kashi 19, ma'aikata suka riƙa kwara ruwansa da bokiti cikin tankin da ba a yi shi don haka ba, domin a gama aiki da wuri. Biyu daga cikinsu suka mutu. Garin Arlit ba ya iya yin wannan.

To ina haɗarin yake? Yana inda likitan zaurenmu ya nuna. Kafin ya zama mai tiriri, yuraniyom ƙarfe ne mai guba, ɗan ajin su dalma. Fata na tare alfa, amma huhu da hanji ba su da wannan garkuwa. In mutum ya shaƙi ƙurarsa, ko ya sha ruwan da ya narke a ciki, wani ɗan kaso na shiga jini. Jini ya kai shi ƙoda, ƙoda ta fitar da mafi yawansa ta fitsari cikin 'yan kwanaki, saura ya maƙale a ƙashi da ƙodar kanta, yana cin ƙananan bututun da ke tace jini. Sanin wannan ya daɗe: masu bincike sun shafe fiye da ƙarni suna ba dabbobin gwaji yuranil naitret da gangan idan suna son su ga yadda ƙoda ke lalacewa. Gwargwadon sauƙin narkewar gishirin, gwargwadon saurin isarsa ƙoda. Wanda ba ya narkewa da sauri kuma, in an shaƙe shi, zama yake a huhu yana sakin alfa a inda babu fatar da za ta tare.

Ba zan ƙara gishiri a maganar gishiri ba. Binciken da aka yi a Finland a kan masu shan ruwan rijiyoyin da aka haƙa cikin dutse ya nuna alamun taɓuwar ƙoda a fitsarinsu, bai nuna mutane na faɗuwa da ciwon ƙoda tuli ba. Guba ce mai aiki a ɓoye, a hankali, kuma yawanta ne ke yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikrogiram 30 a kowace lita ta ruwan sha tun 2011. In kana son ka ga ƙanƙantar wannan adadi, ka ɗauki nauyin ƙwayar shinkafa guda ka narkar a tankin lita 1,000. Ba ya sauya launin ruwa, ba ya sauya ɗanɗano. Tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi.

Abin da aka bari a Arlit

Ganga dai ta tafi Faransa. Babban abin tambaya shi ne abin da bai shiga gangar ba.

A cikin tan guda na dutsen Arlit, yuraniyom ɗin da ake samu kilo kaɗan ne, bai cika wuce 5 ba. Ragowar kilo 995 da ɗoriya dusa ce, niƙaƙƙen dutse jiƙe da asid, wanda ake tarawa a fili. Ga kuma abin da ba a faɗa a zaurukanmu: kusan kashi 85 cikin 100 na tiririn da ke cikin dutsen yana nan a dusar, domin yuraniyom kaɗai aka cire, an bar 'ya'yansa da jikokinsa. A cikinsu akwai toriyom 230 mai buƙatar shekara kusan 75,000 kafin rabinsa ya tafi, da radiyom 226 mai shekara 1,600. Radiyom kuma yana haifar da iskar radon, marar launi marar wari, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ta biyu bayan taba sigari wajen haddasa sankarar huhu. Muddin dutsen na ƙarƙashin ƙasa, a kulle suke. Niƙa shi aka yi aka shanya a gaban iskar hamada.

SOMAÏR ya fara aiki a 1971. Kamfani na biyu, COMINAK, ya buɗe ramin Akouta a 1978, ya fitar da tan kusan 75,000 na yuraniyom, ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021. Abin da ya bari shi ne dusa tan kusan miliyan 20, a fili mai faɗin hekta 120, tsauni guda da ɗan Adam ya gina, kilomita kaɗan daga gidajen mutanen Akokan da Arlit. Orano ya yi alkawarin lulluɓe shi da laka da dutse mai kaurin mita 2. Ana cikin wannan aiki sojoji suka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, dangantaka ta tsinke.

Ba yau aka fara kuka ba. A farkon shekarun 2000, wani ma'aikacin SOMAÏR, Almoustapha Alhacen, ya ga abokan aikinsa na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba, ya kafa ƙungiyar Aghirin'man. Shi ya gayyato ɗakin binciken CRIIRAD mai zaman kansa daga Faransa a Disamban 2003. Suka tarar ana sayar da tarkacen ƙarfe daga masana'anta a kasuwar Arlit, bututu da makamantansu, masu ɗauke da tiriri, mutane na saye suna aikin gida da su. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta je ta auna. Rahotonta na 2010 ya ce a wani titi na Akokan tiriri ya ninka na al'ada kusan sau 500, domin an yi ciko da duwatsun da aka fitar daga rami, kuma huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba sun haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wancan lokaci. Kamfanin, wanda a lokacin ake kira Areva, ya musanta wasu daga cikin zarge-zargen, amma ya kwashe ƙasar wuraren da aka nuna. Duk mai son ya ga fuskokin mutanen, ya nemi fim ɗin da Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin ma'adinin, ta yi a 2016.

Ba Arlit kaɗai ba ce. A Mounana ta Gabon, inda Faransawa suka daina haƙa a 1999, an gano gidajen da aka gina da tarkacen ma'adinin, sai da aka rushe wasu aka sake gini. A ƙasar 'yan ƙabilar Navajo a Amurka akwai ramukan yuraniyom fiye da 500 da aka yasar. Ko'ina labarin ɗaya ne: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zuwa ga masu tafi

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini: wai ina yi wa Faransa aiki, ina zubar da ƙasa a idon 'yan'uwanmu a ranar farin cikinsu. Bari in share wannan tukuna. Faransa na samun kusan kashi biyu bisa uku na lantarkinta daga nukiliya, kuma Nijar ta daɗe tana cikin manyan masu ba ta makamashin, alhali kusan mutum ɗaya cikin biyar na 'yan Nijar ne kaɗai ke samun lantarki, kuma kafin juyin mulkin 2023 mafi yawan wutar da ƙasar ke sha daga Najeriya take saye, wadda muka yanke musu a Agustan 2023. Hamani Diori na tsaka da neman a ƙara farashin yuraniyom aka kifar da shi a Afrilun 1974. Wannan ciniki na zalunci ne, kuma ba na zubar da hawaye don ya ƙare.

Amma ku amsa mini wannan. Shekaru da dama gwamnatin Nijar na da hannun jari a kamfanonin nan: fiye da kashi 36 a SOMAÏR, kusan kashi ɗaya bisa uku a COMINAK. Wakilanta na zaune a teburin da ake yanke shawara. Mahamadou Issoufou, kafin ya zama shugaban ƙasa, injiniyan ma'adinai ne da ya riƙe babban muƙami a SOMAÏR. Lokacin da masu binciken CRIIRAD suka sauka a filin jirgin Yamai a 2003, na'urorin awonsu aka ƙwace, kuma ba a Faris aka ƙwace su ba. Da Sinawa suka buɗe ma'adinin Azelik kusa da Ingal, koke-koken ma'aikata da makiyaya bai ragu ba don fatar mai kamfanin ta sauya. Yanzu Rasha ce ke zawarci. Radiyom bai san tutar da ke kaɗawa a ƙofar masana'anta ba.

Akwai ma wani abu mai ɗaci da ya kamata mai gaskiya ya haɗiye. Orano kamfani ne da ake iya kai shi kotu a ƙasarsa, ana iya kunyata shi a jaridunsu, kuma da wannan sanda ce 'yan Arlit suka ƙwaci ɗan abin da suka ƙwata. Yau mai ma'adinin shi ne mai bindiga, shi ne mai sa ido a kan ma'adinin, shi ne kuma mai ba ɗan jarida izinin zuwa Agadas. In gwamnati ce mai haƙa, wa zai auna ta? Wa zai ƙarasa lulluɓe tsaunin Akouta, da kuɗin wa, zuwa yaushe? A ƙarshen 2025, da aka ba da rahoton ayarin motoci ya ɗauko garin daga Arlit ya nufo Yamai, muhawarar da na gani a shafukanmu duk a kan wa zai saya ce, da nawa. Ban ga wanda ya tambayi abin da aka tanada in mota ta kife kusa da rijiyar ƙauye ba. 'Yancin da ya tsaya a kan takardar mallaka, bai leƙa asibiti ba, rabin 'yanci ne. Wanda yake ƙaunar Nijar da gaske, bayan tafi sai ya nemi a wallafa sakamakon awon ruwan Arlit duk shekara, a bar masu awo masu zaman kansu su shiga da na'urorinsu, a kuma bi Orano bashin gyaran abin da ya ɓata har gaban kowace kotu. Korar mai bashi ba tare da an rubuta abin da ake bin sa ba, kyauta ce aka yi masa.

Gemun ɗan'uwa

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Kiyawa? Ruwan Kiyawa shi ne ruwanta.

Abokina da ya ce akwai yuraniyom a duwatsun Dutse bai yi kuskure gaba ɗaya ba, ya dai juya maganar ne ta koma mafarkin arziki. Duwatsun da suka ba Dutse sunanta, waɗanda suka haura shekara miliyan 200, 'yan wani dogon jeri ne da masana ƙasa suka daɗe da sani: ya taso daga duwatsun Azbin, ya biyo ta Damagaram da Gure, ya shigo ta Dutse da Shira da Ningi da Riruwai, ya kai Jos ya wuce. Irin wannan dutse na giranit ya fi yawancin duwatsu ɗauke da ɓurɓushin yuraniyom, kuma a Riruwai ta jihar Kano an san da ma'adinin da ke ɗauke da shi tun zamanin Turawa. Wannan ba ya nufin akwai abin haƙa a bayan gidan Sarki. Ma'adinin Arlit kansa, a fahimtar masana, ya samu ne saboda ruwa ya wanko yuraniyom daga duwatsun Azbin cikin miliyoyin shekaru, ya tara shi cikin yashin da ya daskare. Ma'ana, ruwa ne ya fara haƙar. Yuraniyom na narkewa ya bi ruwan ƙarƙashin ƙasa, musamman ruwa mai iska a jikinsa kuma mai ɗauke da sinadarai dangin kanwa. Ba sai da kamfani ba, ba sai da Bafaranshe ba.

Indiya ta koyi wannan a makare. A 2018 masu bincike daga Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa cewa ruwan rijiyoyi a jihohin Indiya 16 na ɗauke da yuraniyom fiye da kima, musamman a busassun jihohi irin Rajasthan da Gujarat. Asalinsa daga dutse ne, amma yawan zuƙo ruwa don noman rani da sinadarin naitret da ke tsiyaya daga taki sun taimaka wajen sakin sa. Ƙasa busasshiya, dutse a ƙarƙashi, burtsatse a kowace unguwa, taki a kowace gona, famfon sola na zuƙo ruwa tun safe har yamma. In wannan hoto bai yi maka kama da wani wuri da ka sani ba, to ba ka bi hanyar Dutse zuwa Kiyawa ba a 'yan shekarun nan.

Ban ce ruwanmu na da guba ba. Rijiya biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta ƙwarai, kuma awo ne kaɗai ke raba gardama. Haka kuma ban ɗora wa yuraniyom alhakin ciwon ƙodar da ya addabi Haɗeja da Nguru da Gashuwa ba. Likitoci na duban abubuwa da yawa a can: hawan jini, ciwon suga, zafin rana da ƙarancin shan ruwa, magungunan feshi, ƙwayoyin kashe ciwo da ake sha barkatai, da ƙarafa masu guba. Abin da nake cewa mai sauƙi ne. Jihar da ke kashe maƙudan kuɗi a kan injunan wankin ƙoda, bai kamata a ce akwai wata sananniyar gubar ƙoda da ba ta cikin jerin abin da take aunawa a ruwan sha ba. Kuɗin auna rijiyoyin ƙaramar hukuma guda ba zai kama ƙafar kuɗin wankin ƙodar marasa lafiya kaɗan na shekara ɗaya ba. Inda aka samu ya haura, maganin sananne ne: a rufe rijiyar a koma wata, ko a sa matatar da ke tura ruwa ta cikin fata mai matsi, irin wadda manyan masu ruwan leda ke amfani da ita.

Mun riga mun ga abin da ƙarfe mai guba ke yi idan babu mai awo. A 2010, a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida, dalmar da ke ciki ta kashe yara fiye da 400, kuma likitocin wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje ne suka fara lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. A 2015 abin ya maimaitu a Rafi ta jihar Neja. Yau kowane gwamna a Arewa na kiran masu zuba jari su zo haƙar ma'adinai. Madalla. Amma duk al'ummar da za ta sa hannu a yarjejeniyar da dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta tsakaninta da mai haƙa, ta nemi a auna ruwanta da ƙasarta kafin a sara diga ta farko. In ba a san yadda ruwa yake jiya ba, ba a iya tabbatar wa kotu cewa an ɓata shi yau. Da wannan giɓi kamfanoni ke tsira a ko'ina.

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Najeriya na da hukumar kula da harkokin nukiliya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda aikinta ke nan, gano ɓurɓushin sinadarai a cikin ƙasa da dutse da ruwa. Jami'ar Tarayya ta Dutse na da sassan kimiyyar lissafin halitta da na sinadarai, cike da ɗaliban da ke neman batun bincike. Jigawa ce jihar farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, aikin da sai da aka bi ƙauye ƙauye. Wanda ya iya ƙirga masai zai iya ƙirga rijiyoyi. Abin da ya rage shi ne hukumomin ruwa na jiha su sa yuraniyom da dalma da sauran ƙarafa cikin awon kowace sabuwar burtsatse, su manna sakamakon a jikin tankin da Hausa, yadda mai ɗiba zai karanta. Binciken da malaman jami'a suka riga suka yi a kan ruwan yankin nan kuma a fito da shi daga mujallun Turanci a kai shi fadar hakimi. Mu 'yan jarida da lauyoyi muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 a hannu. Mun fi amfani da ita wajen tono albashin 'yan majalisa.

Da na je gida hutun da ya wuce, na sa mahaifina ya lalubo mini takardar da mai haƙa ya ba shi lokacin da aka yi burtsatsen gidanmu, wadda rabin layinmu ke ɗiba. Shafi ɗaya ce: launi, wari, tsami, ƙwayoyin cuta, da sa hannu. Na kira mutumin na tambaye shi ko an duba ƙarafa. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ruwan nan garau yake kamar hawaye, ko kai ka ga wani abu a ciki?" Na ce masa ban gani ba. Na wanke gora biyu, na cika ɗaya a gidanmu, ɗaya a famfon bakin kasuwa, na rubuta kwanan wata a jikinsu. Zariya zan kai su da kuɗin aljihuna, kuma duk abin da takardar ta nuna, mai daɗi ko akasinsa, a wannan shafi za ku gan shi.